Kogi da Rijiya, Ruwansu Ɗaya Ne

Darasi domin ƙungiyoyin manoma, mata da matasa

Gabatarwa

'Yan'uwa, kowace shekara idan aka shiga watan Maris da Afrilu, kukan da ake yi a ƙauyukanmu iri ɗaya ne. Igiyar guga ta gaza, sai an yi mata ƙari. Injin ban ruwa yana jan iska, albasa da tumatir suna yaushi tun ba su kai kasuwa ba. Mata da yara suna sammako zuwa rijiya, su dawo da rabin tulu. Idan kuma Agusta ya zo, sai kukan ya juya. Ruwa ya yi yawa, fadama ta cika, ruwan rijiya ya gurɓace, yara suna fama da gudawa.

Yawancinmu muna ɗauka cewa waɗannan matsaloli biyu ne dabam. A wannan darasi za mu ga cewa tushensu ɗaya ne. Ruwan da ke gudu a kogi da ruwan da muke ja daga rijiyar fadama suna haɗe a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya sami ɗaya, ba da daɗewa ba zai sami ɗayan. Idan mun gane wannan, za mu san yadda za mu kiyaye lambunanmu da lafiyar iyalanmu.

Ina ruwan rijiya yake zama?

Hausawa suna cewa, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gaskiya ne, amma ya kamata mu san yadda yake zaune a can. Wasu suna tsammani akwai wani babban tafki a cikin kogo ƙarƙashin ƙafafunmu. Ba haka yake ba. Ruwan yana cikin 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa.

Ga gwajin da kowace ƙungiya za ta iya yi. A cika bokiti da busasshen yashin kogi har baki. A riƙa zuba ruwa a hankali da gwangwani, ana ƙirgawa. Za a ga bokitin da muka ce ya cika ya shanye ruwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, ko ma fiye. Sai a tona rami da hannu a tsakiyar yashin. Ruwa zai taru a ramin. Wannan ramin shi ne rijiya. A kwashe ruwan ramin da cokali, a jira kaɗan, zai sake taruwa, amma ba zai kai inda yake da fari ba. A ci gaba da kwasa, za a ga ramin ya ƙafe.

Fadama babban bokiti ce irin wannan. Shekaru aru-aru kogi yana kawo yashi da laka yana shimfiɗawa a gefensa. Yashi yana riƙe ruwa, yana kuma sakinsa da sauƙi. Laka da yumɓu suna riƙe ruwa amma ba sa sakinsa, ba sa kuma barinsa ya wuce da sauri. Shi ya sa maƙwabta biyu za su haƙa rijiya kusa da juna, ɗaya ya faɗa kan yashi ya sami ruwa mai yawa, ɗayan ya faɗa kan yumɓu ya sha wahala.

Damina kogi ya bayar, rani ƙasa ta mayar

Ruwa kullum yana gangarawa daga inda yake sama zuwa inda yake ƙasa. Haka yake yi a fili, haka kuma yake yi a cikin yashi, sai dai a can tafiyarsa ta hawainiya ce. Tafiyar da ruwan kogi zai yi kafin a ƙifta ido, ruwan cikin yashi yana iya yin yini bai yi ta ba.

Da damina, kogi yakan cika har ruwansa ya fi na cikin ƙasa tsawo. A lokacin sai ruwa ya riƙa ratsa gindin kogin da gaɓoɓinsa yana shiga yashin fadama. Idan kogin ya tumbatsa ya malala cikin fadama ya kwanta na wasu makonni, ruwan da ke nutsewa yakan ƙaru ƙwarai, domin filin da yake jiƙawa ya faɗaɗa. Ruwan sama da ke taruwa a tafkuna da kududdufai shi ma yana ba da nasa. Wannan ne lokacin da ruwan rijiya ke hawa.

Bari mu yi ɗan lissafi. Idan ruwa mai zurfin santimita 10 ya nutse a fili hekta ɗaya, lita miliyan ɗaya ke nan ta shiga ƙasa, wato jarka 40,000 mai cin lita 25. A ƙasa mai yashi, wannan zai iya ɗaga ruwan rijiya wajen rabin mita. Ruwan da muke gani kwance a fadama muna cewa ɓarna ce kawai, wani kaso nasa ajiya ce ake yi mana domin rani.

Da kaka ta wuce, kogi yakan ja baya. Yanzu ruwan cikin gaɓa ya fi na kogi tsawo, sai tafiyar ta juya. Ruwa ya riƙa tsattsafowa daga gaɓa yana komawa kogi. Shi ya sa wasu rafuka ke ci gaba da ɗan gudu bayan an daɗe da ɗauke ruwan sama. Shi ya sa kuma makiyayi zai tona yashin busasshen kogi da ƙwarya a watan Fabrairu, ya sami ruwan da zai shayar da shanunsa. Kogin bai mutu ba, ya koma cikin yashi ne.

Mu riƙe wannan: yashin fadama rumbu ne. Damina ce kakarsa. Abin da aka zuba a rumbu shi za a ɗiba. Ba wanda yake ɗibar dami ɗari daga rumbun da aka zuba wa hamsin.

Yadda ƙasarmu take

Duk wanda ya tsaya a Limawa ya ɗaga kai zai ga duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa. Waɗannan duwatsu suna gaya mana wani abu game da ruwa. A yankin Dutse da kudu da yamma da shi, dutse mai tauri yana kusa da saman ƙasa a wurare da yawa. Dutse ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da kuma a ruɓaɓɓen sashensa na sama. Saboda haka rumbun ruwa a irin wannan ƙasa ƙarami ne. Yana saurin cika, yana saurin ƙarewa. Inda ruwa ya fi samuwa shi ne kwaruruka da fadamu, inda yashin da ya gangaro daga tudu ya taru. Dabinon da aka san Dutse da shi, wanda har ya sa cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta kafa reshen binciken dabino a garin, ya fi jin daɗi ne a inda saiwarsa ke kaiwa ga ruwan da ke kusa.

Idan aka nausa arewa da gabas, wajen Jahun, Miga, Kafin Hausa, Auyo da Haɗeja, dutsen yakan nutse can ƙasa. A samansa akwai shimfiɗar yashi da laka mai kauri, wadda ta miƙe har Tafkin Chadi. Nan rumbun babba ne. Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Chalawa ya bi ta Wudil da Ringim, da ya shigo wannan ƙasa mai laushi sai ya rage gudu, ya rarrabu rassa-rassa, ya riƙa ba da ruwansa ga ƙasa. Haka ma Kogin Jama'are da ya taso daga tsaunukan Jos. Masana ruwa sun daɗe da lura cewa waɗannan koguna suna tara ruwa a ƙasa mai dutse, suna rabar da shi a ƙasa mai yashi. Abin da ke kaiwa Gashuwa a Jihar Yobe kaɗan ne daga abin da ya wuce ta Wudil. Wani rana ta shanye, wani ciyayi da amfanin gona sun sha, wani kuma ya shiga ƙasa ya zama ruwan rijiyoyin dubban gidaje, har da na ƙauyukan da ke nesa da bakin kogi.

Darasi daga kwarin Haɗeja

Abin da ya faru ga maƙwabtanmu na kwarin Haɗeja ya isa ya koya mana. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama a 1974, ana tsakiyar jin zafin farin da ya addabi arewa a shekarun nan. Lokacin da aka gama ta, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka gama ta Chalawa. Madatsun nan sun kawo alheri. Birnin Kano yana sha daga ruwansu, manoman Kadawa da Kura suna noman shinkafa, alkama da tumatir da shi.

Amma madatsa tana tare ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin shekara. Babbar cikar kogi da ke malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ga kuma farin 1983 da 1984 ya ƙara tsananta abin. Binciken da aka yi a yankin ya nuna cewa filin da ruwa ke mamayewa, wanda ya kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya sauko zuwa hekta 70,000 zuwa 100,000 a farkon shekarun 1990. Da malalar ta ragu, ruwan da ke shiga ƙasa ya ragu, rijiyoyi suka yi zurfi a wurare da dama, kifi da makiyaya suka ragu.

Sai wata matsala ta biyo baya. Da can kogin yakan ƙafe da rani. Da aka fara sakin ruwa duk shekara, sai laka ta riƙa kwanciya a hanyoyin ruwa, ciyawar kacala ta sami wurin zama ta toshe su. Ruwa ya bar wasu rassa gaba ɗaya, ya kwanta a gonakin wasu ba ya tashi. Wani ƙauye yana kukan ƙishi, wani yana kukan ruwa, alhali kogi ɗaya ne.

Wannan ya sa aka fara aikin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, aka kuma sa wani sashe nasu cikin fadamu masu muhimmanci na duniya a 2000. A 2006 jihohin da ke shan wannan ruwa, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka yarda su kafa asusu ɗaya domin kula da shi. Madatsar Kafin Zaki da aka shirya yi a kan Kogin Jama'are, an daɗe ana muhawara a kanta, kuma ba a kammala ta ba. Babban abin da mutanen ƙasan kogi ke tsoro shi ne kada abin da ya sami Haɗeja ya same su.

Mu ba mu da madatsa irin Tiga a hannunmu. Amma abin da babbar madatsa ke yi wa babban kogi, shi ne shingen buhunan yashi ke yi wa ƙaramin rafi, idan na sama ya tare bai tuna da na ƙasa ba.

Daga jigo zuwa inji

Kakanninmu sun yi lambu da jigo da guga. Ƙarfin hannu shi ne iyakar abin da suke ɗiba, don haka rumbun ba ya ƙarewa. Daga shekarun 1980 hukumomin aikin gona suka fara yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injin fetur. Shirin Fadama na ƙasa, wanda ya fara a 1993 da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara yaɗa su. Yanzu ga masu aiki da hasken rana sun shigo. Noman rani ya bunƙasa, iyalai da yawa sun biya kuɗin makaranta da na asibiti daga lambu, matasa sun rage tafiya cin rani. Wannan abin godiya ne.

Sai dai akwai abu biyu da kowane mai inji ya kamata ya sani. Na farko, injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Idan ruwa ya sauka ƙasa da haka, sayen babban inji ba zai yi magani ba. Na biyu, idan inji yana ja, ruwan cikin yashi yakan lotsa kewaye da bututun kamar mazurari. Idan bututu biyu suna kusa, kowanne yana ɗibar na ɗan'uwansa. Idan suna bakin rafi, ruwan rafin suke ja ta ƙarƙashi. Rijiyar sha ta unguwa, wadda ba ta da zurfi, ita ce ke fara ƙafewa, kuma mata ne ke fara ji a jikinsu. Injin hasken rana yana bukatar kula ta musamman, domin ba a sayen mai, ba abin da ke tuna wa mutum ya kashe shi.

Ɗibar yashi ma tana cikin wannan. Idan manyan motoci suka kwashe yashin gindin kogi suka kai gine-ginen birni, kogin yakan ƙara zurfi. Ruwan gaɓa sai ya zurare cikinsa da wuri, rijiyoyin gefe su sauka. Wanda ya sayar da yashin kogi, bangon rumbunsa ya sayar.

Ƙazanta ma hanyar take bi

Hanyar da ruwa mai kyau ke bi ya shiga rijiya, ita ƙazanta ke bi. Yashi yana tace ruwa, amma sai ruwan ya yi tafiya mai nisa cikinsa. Da damina ruwan ƙasa yakan hau har ya taɓa gindin shadda. Idan ambaliya ta zo, kamar wadda ta yi ɓarna a ƙananan hukumomi da yawa na Jigawa a 2022, takan kwashe bayan gida, kashin dabbobi da shara ta zuba kai tsaye cikin rijiyar da ba ta da kewaye. A 2021 cutar amai da gudawa ta bazu a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wahala. Takin zamani da maganin feshi da aka zuba fiye da kima su ma suna nutsewa. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da cuta.

Abin da za mu iya yi

1. Mu auna rijiyarmu. A sami igiya, a ƙulla ta kowane rabin mita, a ɗaura ɗan ƙarfe a bakinta. A zaɓi rijiya biyu ko uku, ɗaya kusa da rafi, ɗaya a tudu. Sau ɗaya a mako, da sassafe kafin a fara ɗiba, a auna daga bakin rijiya zuwa ruwa, a rubuta a littafi. Matasan ikkilisiya za su iya ɗaukar wannan aiki. Bayan shekara biyu, littafin zai gaya mana yawan filin da ruwanmu zai iya ɗauka.

2. Mu shuka daidai da rumbu. Idan a watan Oktoba ruwa bai hau kamar na bara ba, a rage filin lambu, a yi shuka da wuri, a zaɓi amfanin da ba ya daɗewa. Gara rabin fili da ya kai girbi da cikakken fili da ya bushe a Maris.

3. Mu yi yarjejeniya. Masu inji su zauna da mai unguwa su tsara tazara tsakanin rijiyoyi da ranakun ban ruwa. A nisanta injuna daga rijiyar sha. A yi ban ruwa da safe ko da yamma, a rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi. A bar wa makiyaya mashaya da hanyar zuwa gare ta. Ruwan ƙasa bai san iyakar gona ba, bai kuma san addini ko ƙabila ba, don haka dole zaman ya haɗa kowa da kowa.

4. Mu taimaki ruwa ya nutse. A yi kunya a gicciye da gangare, a jera duwatsu a ƙananan kwazazzabai domin su rage gudun ruwa, a zuba takin gargajiya. Kada a cike tafkuna da kududdufai da shara ko a gina gida a kansu. A bar ciyawa da itatuwa a gaɓar rafi.

5. Mu sa ido kan yashi. A yi magana da dagaci a ware inda za a ɗiba da inda ba za a taɓa ba, musamman kusa da rijiyoyi da lambuna.

6. Mu kare rijiyar sha. A yi mata kewaye mai tsawo da daɓen siminti da murfi. Shadda ta yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ta kasance ta ɓangaren gangare, gindinta kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa da damina. Bayan ambaliya, a kwashe ruwan rijiya, a nemi ma'aikatan lafiya su sa mata magani, a riƙa tafasa ruwan sha. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mu tambayi dattawa: gaba nawa ake samun ruwa a rijiyar garinmu lokacin ƙuruciyarsu? Gaba nawa ne yanzu? Me ya canza?

2. Injuna nawa ne a fadamarmu bana? Nawa ne shekara goma da suka wuce?

3. Su wane ne ke sama da mu a rafinmu, su wane ne ke ƙasa? Mun taɓa zama da su kan maganar ruwa?

4. Idan rijiya ta ƙafe, wa ya fi shan wahala a gida? Ana jin muryarsu lokacin da ake yanke shawara?

5. Shadda nawa ce ke ƙasa da taku arba'in daga rijiyar sha a unguwarmu?

6. Cikin matakai shida na sama, wanne za mu fara kafin damina mai zuwa? Wa zai jagoranta?

Kammalawa

'Yan'uwa, ba mu da iko a kan yawan ruwan da zai sauko daga sama. Amma muna da hannu a kan nawa zai shiga ƙasa, nawa za mu ɗiba, da kuma ko zai zauna da tsabta. Manomi ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace ƙungiya ta yi gwajin bokiti a taronta na gaba, ta kuma fara littafin awo a wannan wata. A zo da littafin taron shekara, domin mu gwada na ƙauye da ƙauye mu koya daga juna. Allah ya ba mu damina mai albarka.